Uwargida da Amarya: Hirarmu Kan Tsofaffin Manyan Sifikun Gida

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ma mu uku ne daga nan Bauchi, ni Auwalu, ga Anti Rabi, ga kuma Kawu Bala can yana ta gyara zama tun ɗazu. Ba sai na ja dogon bayani ba, kowa ya ga hoton nan da ke yawo a wayoyi, na wasu akwatuna a kurar ɗan bola-jari.

Rabi: Har ƙanwata da ke aure a Azare sai da ta turo min shi.

Auwalu: Ni a guruf uku na gan shi. Kurar ɗan bola-jari a bakin kasuwar Muda Lawal, manyan akwatuna biyu a kwance an ɗaure su da roba. Wannan ya ce kabad ne, wancan ya ce kayan diije ne...

Kawu Bala: Ba kabad ba ne, ba kuma kayan diije ba ne. Auwalu, wallahi daren da na ga hoton nan ban yi barcin kirki ba. Na buɗe shi na ƙara girmansa, na ga murfin gaban nan kashi uku, na ga faɗin akwatin, sai gabana ya faɗi. Sifika ce, Tannoy Arden. Irin tawa ce sak, irin wadda mahaifina ya bar mini.

Rabi: Ka tabbata, Kawu? Hoton fa ya yi dishi-dishi.

Kawu Bala: 'Yata, abin da ka tashi kana gogewa da tsumma kullum safiya tun kana yaro, ko a duhu ka shafa ka san shi. Washegari na je Muda Lawal da ƙafata, na zaga, na tambayi masu kura, na dangana har Wunti. Kowa ya ce ya gani, babu wanda ya san inda aka nufa da su. Kuma kun san abin da za a yi musu. Guduma za a sa, a fasa akwatin, a ciro maganaɗisu da 'yar wayar tagullar da ke ciki, a ɗora a sikeli. Katakon kuma ya tafi murhun mai ƙosai.

Auwalu: To Kawu, bari in tsaya a madadin masu turo saƙo, don da yawa abin da suke tambaya ke nan. Ni ga 'yar MP ɗina a aljihu, in haɗa da waya ta Bluetooth, in saurari abin da nake so, in yi caji sau ɗaya ta wuni. Me zai sa mutum ya ajiye abu kamar firij biyu a falo? Hausawa fa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Kawu Bala: Su dai Hausawan ne suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Ban raina MP ɗinka ba, tana da ranarta, ko ni ina da ita don zuwa gona. Amma sauti iska ce ake turawa. In an buga tambari a ƙofar fada, me ya sa kake jin sa a ƙirjinka ba a kunne kaɗai ba? Don fatar tana da faɗi, tana tura iska mai yawa. Wufar da ke cikin Arden, wato faifan da ke motsi yana fitar da sautin ƙasa mai kauri, inci 15 ce. Ta MP ɗinka ba ta fi murfin kwalbar man shafawa ba. Ita ƙaramar sai ta yi ta haƙilo, tana shiga tana fita kamar za ta tsage, kafin ta kwaikwayi abin da babbar take yi da ɗan motsin da ko ido ba ya gani. Wannan rashin wahalar shi ne kake ji. Sautin yana zuwa a natse.

Rabi: Ni abin da ya kama ni ranar da muka je gidanka da Sallah ba ƙarar ba ce. Ai ko ƙurewa ba ka yi ba, muna hira muna jin juna. Murya ce. Ka sa karatun Alƙur'ani, na juya baya ina zuba wa yara abinci, sai na ji kamar mai karatun yana zaune a kan darduma a bayana. Har jan numfashinsa tsakanin aya da aya na ji.

Kawu Bala: Yauwa! Kin zo wurin. Kuma akwai dalili. Yawancin sifiku in ka cire murfi za ka ga wufa a ƙasa, tuwita mai fitar da siririn sauti a sama, wani lokaci da ta tsakiya. Murya ɗaya ce amma tana fitowa ta ƙofa biyu ko uku, kunnenka ne zai sha aikin haɗa ta. Su Tannoy, tun 1947 suka fito da dabarar da suke kira Dual Concentric. Sun ɗauki tuwitar sun kai ta can bayan maganaɗisu, tana huro sautinta ta maƙogwaron wufar, ta tsakiya cif. Shi kansa mazubin wufar sai ya zama kamar bakin algaita ga tuwitar. Saboda haka komai daga wuri ɗaya yake fitowa, kamar yadda magana ke fita daga bakin mutum ɗaya. Shi ya sa manyan ɗakunan ɗaukar sauti a Ingila suka daɗe suna aiki da su.

Auwalu: Ni dai duk lokacin da ka ce tuwita, sai hankalina ya tafi wancan dandalin na Twitter.

Kawu Bala: Wannan ta riga waccan zuwa duniya da shekaru masu yawa, ɗana. Kuma ita har yau ba a canza mata suna ba.

(dariya)

Rabi: Kawu, ba mu labarin zuwansu mana. Masu sauraro ba su san sunansu na gida ba.

Kawu Bala: Ai kin tono. To, kun san bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wajen 1975 zamanin Gowon, ma'aikata sun samu ariyas a dunƙule. Garin nan ya cika da babura da rediyogiram. Gidan da ka leƙa sai ka ga Sansui mai ragar katako a gaba, ko Kenwood, ko Akai, ko Pioneer. Shi Baba, Allah ya jiƙansa...

Auwalu da Rabi: Amin.

Kawu Bala: ...bai saya a lokacin ba, ya daure. Sai da aka tura shi kwas Ingila, bayan an ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, can ya je ya saurara da kunnensa ya zaɓa. Ta ruwa suka zo Legas, daga can aka ɗoro su a jirgin ƙasa har tashar nan ta Railway.

Auwalu: Jirgin ƙasa? Har Bauchi?

Kawu Bala: Kai, yaran zamani. Layin nan da kake tsallakawa da babur kullum, ka ɗauka ado ne? Daga Kuru ya rabu, kusa da Jos, ya ratso nan, ya wuce Gombe, ya dangana da Maiduguri a 1964. Mun hau shi. Kana zaune ta taga kana kallon duwatsu suna wucewa, duk tashar da aka tsaya mata sun taso da rake da dafaffen ƙwai da gyaɗa...

Rabi: Ni kakata kullum labarin Kafanchan take yi, wai nan ake daɗewa a tsaye.

Kawu Bala: Ai mahaɗa ce. Sai ka sauka ka yi salla, ka ci abinci, ka sha shayi, jirgi bai motsa ba. Kuma ba wanda ke fushi, an saba. Akwai wani mai shayi da...

Auwalu: Kawu, sifikun.

Kawu Bala: To, to. Aka je tasha da a-kori-kura, aka ɗauko akwatuna biyu na katako, kowanne ƙarti huɗu ne suka kama. Motar na shan kwanar layinmu, matan unguwa suka hango. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ba ta tsaya tambaya ba, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Wai Malam ya dawo daga Turai ya ƙaro aure, ga kayan ɗaki sun iso. Kafin a sauke, gida ya cika. Innata tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ganin mata ta yi suna shigowa suna ba ta haƙuri.

Rabi: Wayyo Inna!

Kawu Bala: Da aka ɓalle akwatunan aka ga abin da ke ciki, ita ce ta fi kowa dariya. Ta ce to tunda an riga an yi guɗa, ta hagu ce Uwargida, ta dama Amarya. Har yau sunansu ke nan. Jikokina ma haka suke kiran su.

Auwalu: Tsaya, me ya sa ta hagu ce Uwargida?

Kawu Bala: Ita aka fara shigowa da ita.

Auwalu: Da minti nawa?

Kawu Bala: Ko da minti ɗaya ne, ta riga ta riga.

Rabi: Gaskiya ne, ko tagwaye akwai Hassana akwai Usaina.

Auwalu: Ke nan wannan maɓallin na amfilifaya da ake murɗawa hagu ko dama...

Kawu Bala: Shi ne adalci. Baba ya kan ce kada wanda ya kuskura ya taɓa masa shi, a tsakiya yake zama. In ka karkata gefe guda ka shiga hakkin ɗaya.

Auwalu: Su dai babu rabon kwana, tare suke girki.

Rabi: Kuma ba a taɓa jin kansu ba.

Kawu Bala: A'a, an taɓa! Wata rana, Baba na da rai, ƙanena ya cire wayoyi don a yi shara, da zai mayar sai ya juya ta Amarya, ja ya koma gurbin baƙi. Aka kunna, sai sautin ya zama wani fayau, bes ya ɓace, murya ba ta tsakiya, tana yawo a ɗaki. Dalili, lokacin da Uwargida ke tura iska waje, ita Amarya ja take yi ciki. Abin da wannan ta kawo, waccan ta kwashe.

Auwalu: Kishi ya tashi.

Rabi: Ɗaya na shara ɗaya na watsa ƙasa.

Kawu Bala: Baba yana shigowa ko zama bai yi ba ya ce wa ya haɗa mini mata faɗa? Ya zagaya baya ya gyara waya, zaman lafiya ya dawo.

Auwalu: To in aka ƙaro wannan ƙatuwar ta bes da ake ajiyewa a ƙasa, ita ce ta uku?

Rabi: Masu hom tiyata fa, sifiku biyar har da ta shida? Sun wuce ƙa'ida.

Auwalu: Sai an kai su gaban alƙali.

Kawu Bala: Ku bar ni haka, cikina ya ƙulle.

(dariya)

Rabi: Amma kun san wannan sunan yana taɓa ni ta wani wajen. Mu namu raba su aka yi. Babanmu yana da Sansui ɗin nan masu ragar katako, manya, na tsaye. Da ya rasu aka zo rabon gado, masu ƙiyasta kaya suka rubuta sifika biyu, aka yi wa kowacce kuɗi daban. Ɗaya ta faɗa rabon yayanmu, ɗaya ta ƙanenmu, amfilifaya kuma wani ɗakin. Babu wanda ya yi da mugun nufi, rashin sani ne. Ba wanda ya ce a'a, waɗannan kamar takalmi ne, ƙafa ɗaya ba ta da amfani. Ta wajen yayanmu aka ara don walima, aka fitar da ita tsakar rana aka haɗa da injin masu wa'azi, kafin la'asar ta ƙone. Ɗayar tana nan a sito, an ɗora mata buhunan masara. Duk sanda na shiga sai na shafa ragar nan. Ina tuna Baba da yamma, ya dawo aiki, ya sa faifai, ya kishingiɗa, mu kuma an ce kada a ji motsin kowa.

Kawu Bala: Ash-sha. Allah ya jiƙan Malam. Kin ga abin da nake ta faɗa ke nan. Don Allah duk wanda ke jin mu, in an zo rabo, a yi musu kuɗi a matsayin abu ɗaya, mutum ɗaya ya ɗauka ya biya sauran. Kuma sifikar gida ba ta taro ba ce. An yi ta ne don ɗaki, mutum ya zauna taku uku ko huɗu daga gabanta. Ta fili daban take.

Auwalu: Amma Kawu, abin da ya shekara kusan hamsin, ba ya lalacewa ne? Naka ba su taɓa ba ka matsala ba?

Kawu Bala: Sun ba ni mana. Kuma nan ne mutane ke yin asara. Dubi, a gefen mazubin wufa akwai wani zobe mai laushi da ya riƙe shi da ƙarfen. A irin nawa, da sifiku da yawa na shekarun 1970 da 1980, da soso aka yi shi. Soson nan yana da wa'adi. Bayan shekara goma sha biyar zuwa ashirin sai ya fara ruɓewa, balle a zafinmu na Maris da Afrilu. Wata rana na cire murfin Uwargida don in kakkaɓe ƙurar hunturu, na ɗan taɓa zoben da yatsa, sai yatsan ya shige. Ya dawo da wani baƙin abu mai danƙo, sauran kuma ya zubo kamar garin kuka. Na zauna a ƙasa na yi shiru. Na ɗauka shi ke nan.

Rabi: Ashe ba shi ke nan ba ne.

Kawu Bala: Ko kusa. Ciwon da ke da magani ne. Ana sayar da sabon zoben daidai da kowane samfuri. Na yi oda, wani ɗalibina da ke karatu a waje ya taho mini da shi. Na kwantar da wufar a kan tabarma, na ɗauki kwana biyu ina kankare tsohon gam da 'yar wuƙa, a hankali, don mazubin takarda ne, in ka huda ka huda. Sannan na shafa sabon gam, na zaunar da zoben, ina dannawa da yatsu a zagaye ina kasa kunne. Abin da ake tsoro shi ne koyil, wato naɗin wayar da ke gindin mazubin, ya karkace ya riƙa gogar maganaɗisu. In ka danna ka ji ƙurrr, to bai zauna ba, ka gyara kafin gam ya kama. Na bar shi ya kwana. Da safe na haɗa, na sa wani tsohon kaset na kiɗan kalangu, ƙasa-ƙasa. Da makaɗin ya matse tsarkiya sautin ya hau ya sauko, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Yadda nake ji ina yaro, haka ya dawo.

Auwalu: To wanda ba zai iya wannan haƙurin ba fa? Ba sai ya kai wa mai gyara ba?

Kawu Bala: Ya kai, amma ya tsaya a kai. Muna da masu gyaran rediyo masu hannu a garin nan, ban ce babu ba. Sai dai abin da ya samu wani abokina ya ishe ni darasi. KEF 104/2 gare shi, 'yan Ingila su ma, na 1984. Su waɗannan wufofinsu biyu a ɓoye suke a cikin akwati, ba ka ganin su daga waje, an haɗa su da sandar ƙarfe. Su ma akwai ɗan zoben soso a tsakiyarsu da ke ruɓewa, tuwitar kuma akwai wani ruwa mai maganaɗisu a cikinta da ke sanyaya koyil, in ya tsufa sai ya kafe, sautin sama ya dushe. Duk abin gyarawa ne. Ya kai wa wani, ba zan faɗi ko a ina ba. Bayan mako guda mutumin ya ce an gama, har ya fi da ƙara. Ashe ya ciro na asalin gaba ɗaya ya zubar, ya yanka katakon gaba da zarto, ya ɗaura wufar mota mai walƙiya. Ƙara kam akwai. Amma KEF ta tafi, saura akwati.

Rabi: Inna lillahi.

Kawu Bala: Kuma shi a ransa alheri ya yi. Don a wajen mutane da yawa, sifika mai kyau ita ce wadda ke girgiza kwanon rufi. Ba su san kowace wufa an auna ta ne da girman akwatinta ba, da kuma ɗan allon da ke ciki mai raba sauti, wanda ke tura na ƙasa wajen wufa, na sama wajen tuwita. In ka canza ɗaya ka rushe lissafin duka. Shi ma allon, kafasitocinsa kan tsufa, a canza su da masu lamba iri ɗaya, shi ke nan. Abu guda nake roƙo, kada a zubar da na asali. Ko ya mutu, a naɗe a ajiye. Maganaɗisun da ke cikin nawa Alnico ne, haɗin alminiyam da nikel da kobalt. Da rikici ya tashi a yankin Shaba na ƙasar Zaire a 1978, inda ake haƙo kobalt, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, kamfanoni irin su JBL da Tannoy suka koma wani nau'in mai araha. Abin da ɗan bola-jari zai fasa ya sayar a kilo ke nan.

Auwalu: Bari in kawo maganar wuta, don wani daga Fadaman Mada ya tambaya. Ya ce da wannan hali na NEPA, wa zai iya ciyar da waɗannan ƙattin?

Kawu Bala: Ya juya lissafin. Sau da yawa babbar sifika ta fi ƙarama sauƙin ci. Ka ɗauki Klipschorn, ta Amurka, wadda Paul Klipsch ya fara yi a 1946 a wani ƙaramin gari, Hope, a jihar Arkansas, kuma har yau ana ƙera ta. Ka san kakaki? Bakin mai busa ƙarami ne, amma doguwar ƙahon nan tana buɗewa a hankali har sautin ya cika filin hawan daba. Haka ya yi, ya naɗe doguwar ƙaho a cikin akwati, sannan ya ce a tura ta lungun ɗaki, bango biyu da daɓe su zama ƙarshen bakin kakakin. Da wat ɗaya tak tana ba da wajen desibel 104 a ma'aunin ƙarfin sauti. Sifikar yau da kullum tana wajen 88. Kuma duk ƙarin desibel 3 sai ka ninka wuta. In ka lissafa, abin da ita za ta yi da wat ɗaya, waccan sai ta sha wajen wat arba'in. Ƙaramin amfilifaya a kan inbata da sola ya ishe ta.

Rabi: To wanda zaurensa zagayayye ne irin na da, ba lungu fa?

Kawu Bala: Sai haƙuri, ba rabonsa ba ce.

Auwalu: Ko ya kira magini.

Kawu Bala: Amma akwai masu cin wuta, kada in yaudare ku. Infinity Kappa 9, ta ƙarshen shekarun 1980, kyakkyawa ce doguwa, amma a wasu sautukan na ƙasa turjiyarta ga wuta tana sauka ƙasa da om ɗaya. Wato kamar ta buɗe baki ne ta ce wa amfilifaya kawo duk abin da kake da shi. Ƙaramin inji zai yi zafi ya mutu. Kuma ku riƙe wannan, ƙaramin amfilifaya da aka ƙure shi ya fi babba kashe tuwita, don in ya gaza sai ya fara fitar da gurɓataccen sauti mai kaifi, shi ke ƙona ta. Sannan in ka sayi inji ɗan gwanjo, duba bayansa kafin ka soka a bango. Na Amurka wutar 120 yake sha, na cikin gidan Japan 100, tamu kuwa ta haura 200. Soka ɗaya, hayaƙi.

Rabi: Ni ƙarin da zan yi na ɗaki ne. Falon zamani duk tayil ne da gilashi da silin mai sheƙi, ko tafi ka yi sai ya dawo maka. Falon Kawu akwai kafet, ga labule mai kauri, ga kantar littattafai. Ina ganin rabin daɗin daga nan yake.

Kawu Bala: Ya fi rabi ma wani lokacin. Kuma a ɗaga su daga ƙasa kaɗan saboda ruwan mopa, don akwatuna da yawa garin katako ne aka matse aka lulluɓe da fallen katako mai kyau, in ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodi. Ga gara. Ga ɓera da ke shiga ta ramin iska ya yi sheƙa da audugar ciki. Ga yara masu son danna tsakiyar wufa da yatsa...

Auwalu: Kawu, mun yi wa mutane alkawarin abubuwa biyar da za su duba kafin su saya, ga shi har an fara kiran magariba a masallacin layin baya.

Kawu Bala: Subhanallahi, har lokaci ya tafi? To da sauri. Na ɗaya, cire murfi ka ga duka biyun iri ɗaya ne, kuma sukurorin ba su sha sukundireba ba. Na biyu, tafi da batirin tocila, ka taɓa wayoyin a kansa, lafiyayyar wufa za ta ce tuf ta motsa. Taɓawa ɗaya ka ɗauke. Na uku, buɗe yatsunka ka danna mazubin a hankali ka ji ko yana guga. Na huɗu, kara kunnenka a kan tuwita...

Rabi: Kawu, alwala.

Kawu Bala: Sauran sai mako mai zuwa, da labarin mai shayin Kafanchan. Amma don Allah, don Annabi, duk wanda ya san yaron nan mai kura, ko wanda ya saya a hannunsa, ya turo mana saƙo yau ɗin nan. Ku ce masa kada ya sa guduma. Ko nawa sikeli zai ba shi, zan ninka masa, kuma ni zan zo da mota in ɗauka.

Auwalu: Kun ji dai. Lambar tana nan inda kuka saba gani. Sai mun ji daga gare ku, assalamu alaikum.